Zauren Uwargida: Kafin ki shafa wa jariri man nan



Watan jiya ina Kwatano. 'Yata ta haihu, ba ta samu zuwa wankan gida ba, sai ni na je. A mako na uku ƙuraje ƙanana suka feso wa jaririyar a wuya da baya da hammata. Na duba shigar da muka yi mata: hular ulu, safa, rigar sanyi, ga shawul a kai, a ɗakin da babba ma gumi yake yi. Haka muka saba a gida lokacin hunturu. Amma iskar bakin teku ba ta Kano ko Maraɗi ba ce. A Kwatano, Lome, Akara ko Duwala gumi ba ya saurin bushewa, sai ƙofofinsa su toshe, ƙurajen zafi su fito.

Wata maƙwabciya, da kyakkyawar niyya, ta kawo man shafawa irin na 'yar kwalin nan da ake cewa yana maganin komai. Muka shafa. Kwana 2 ƙuraje suka kwanta, har wurin ya yi haske, muka ce Alhamdu lillahi. Da muka daina, sai suka dawo fiye da da. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta karanta jikin kwalin, ta dube ni ta ce, "Hajiya, wannan ba na jarirai ba ne." Kunya ta kama ni, don na taɓa sayar da irinsa a teburina.

Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi. Ki duba kwalin: in kin ga an rubuta betamethasone ko clobetasol, ki ajiye. Fatar jariri siririya ce, tana zuƙar magani fiye da tamu, musamman a ƙarƙashin kunzugu inda akwai ɗumi da laima. Man yana ɓoye jan ne kawai. In aka daɗe ana shafawa sai fata ta ƙara sirancewa, ta kode, ciwon da ƙwayar cuta ta kawo kuma ya samu wurin yaɗuwa. Ko likita in zai ba jariri sitiroyid, mai sauƙi yake zaɓa, na 'yan kwanaki.

To me za a yi? Yawancin ƙurajen jarirai ba magani suke nema ba.

Ƙurajen zafi: a rage kaya, a sa rigar auduga guda ɗaya marar nauyi, a yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsane lungunan wuya da hammata. Kada a cika man shafawa a wurin. Hoda kuma jariri na iya shaƙarta ta taɓa huhu, gara a bar ta. Da haka jikata ta warke cikin 'yan kwanaki.

Fararen ɗigo-ɗigo a hanci, da ƙurajen kumatu masu fitowa a makonnin farko: da kansu suke tafiya. Kada a matse.

Jan gindi na kunzugu: fitsari da kashi ne ke cin fata. Na san famfas da tsada, kuma mai goyo a kasuwa ba ta da wurin canji, amma barin shi tun safe har la'asar shi ne tushen matsalar. A canza da zarar ya ɓaci, a wanke da ruwa, a bar wurin ya sha iska, sannan a shafa basilin ko man da ke da zinc oxide. In ya wuce kwana 3, ko ya shiga cikin matsematsi ya yi jawur, a kai asibiti.

Ɓawon kai mai kama da amosani: a shafa ɗan man kaɗanya, a bari ya yi laushi, a wanke, a taje a hankali. Kada a ɓamɓare da farce.

Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, kuma wasu a gidan suna susa: wataƙila ƙazuwa ce. Ita kam duk gida ake yi wa magani lokaci guda, a wanke shimfiɗa.

Akwai alamun da ba a kwana da su: ƙuraje masu ruwa ko mugunya, zazzaɓin da ya kai 38 ga jaririn da bai cika wata 3 ba, ƙin kama nono, yawan barci da kasala, cibiya ta yi ja tana wari, ko ido da jiki su yi ɗorawa. Nan babu jira sai Alhaji ya dawo daga tafiya. Iyayen gida, in za ku yi fatauci ku bar kuɗin asibiti da izinin fita.

Mu kuma masu sayar da kayan shafa, in mace ta ce na jariri take nema, mu ji tsoron Allah mu gaya mata gaskiya. Ribar kwali ɗaya ba ta kai fatar ɗan mutane ba.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.