BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

 

A watan jiya ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu domin su yi wa yara allurar rigakafi. Kun dai san yadda abin yake. Wasu na kuka, wasu na ɓuya bayan 'yan'uwansu, wasu kuwa na cika baki wai ba zafi, ga hawaye yana zuba. Da aka gama, sai wani yaro ɗan aji biyar ya roƙi malamar asibiti ta nuna masa 'yar kwalbar da ta zuƙo maganin. Ya karanta rubutun da ke jikinta, ya zo ya same ni a inuwa, ya ce, "Malam, an rubuta wai a Indiya aka yi. Mu ba mu iya yi ba ne?"

Na ce masa ya koma aji, gobe za mu yi zancen. Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Na kuma ga ya kamata iyaye su ji amsar, gama maganar ta shafi kowane gida mai yara.

MUN TAƁA YI

Amsa ta fari ita ce, mun iya, mun kuwa taɓa yi. A unguwar Yaba cikin Legas gwamnati tana da ma'aikatar yin allurar rigakafi, wadda ta yi aiki tun daga wajen 1940 har zuwa 1991. A can ake yin allurar agana, da ta shawara, da ta haukan kare. Har ana aika wa waɗansu ƙasashe maƙwabta. Ku dubi damtsen tsofaffinku, za ku ga tabon lamba. Babana yana da shi, yakan nuna mana muna yara, ya ba mu labarin yadda agana take shiga gari ta bar makafi da marayu. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa agana ta ƙare a duniya ɗungum. Ma'aikatan Yaba suna da rabonsu cikin wannan nasara.

A 1991 aka rufe ma'aikatar, aka ce za a gyara ta a sa sababbin injuna. Gyaran da ba a yi ba ke nan. Injuna suka yi tsatsa, gwanaye suka tsufa, waɗansu suka rasu, ba wanda ya gaji hannunsu. A 2005 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker domin a ta da aikin, aka sake sabunta ta a 2017. Amma annoba ta zo ta same mu ba a fara ba.

RANAR TAFIYA TA ZO

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na fari mai Korona a Nijeriya. Kun tuna da kulle, da rufe makarantu da kasuwanni da wuraren sujada. Ran 8 ga Disamba na wannan shekara aka soma yi wa mutane allura a Ingila. Ƙasashe masu kuɗi sun riga sun biya kafin alƙalami tun maganin bai fito ba, waɗansu ma sun sayi abin da ya ninka yawan mutanensu. Mu kuwa sai muka shiga layi a wani shiri na haɗin gwiwa da ake kira COVAX, wanda aka kafa domin ƙasashe marasa ƙarfi su ma su samu.

Gana ce ta fara karɓa, ran 24 ga Fabrairu 2021, allura 600,000. Namu ya sauka a Abuja ran 2 ga Maris, kusan miliyan 4, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Kowane mutum kuwa allura biyu yake bukata. Duka daga ma'aikata guda suka fito, watau Serum Institute da ke birnin Pune a Indiya. Ba a jima ba cutar ta yi wa Indiya mummunan kamu, mutane suna ta mutuwa, har iskar taimakon numfashi ta yi wuya a asibitoci. Sai gwamnatin Indiya ta tsai da fitar da allura waje. Aka yi wata da watanni ba a aiko ba, sai wajen ƙarshen shekara.

Kada mu yi saurin ganin laifinsu. Wane magidanci ne zai ɗebi hatsi ya kai maƙwabta, 'ya'yansa suna kwance da yunwa? So duk so ne, amma son kai ya fi. Da mu ne da ma'aikatar, haka za mu yi.

Daga baya ƙasashe masu kuɗi suka fara aiko da ragowar nasu kyauta. Waɗansu sun iso saura 'yan makonni su lalace. A Disamba 2021 sai da aka lalatar da allura fiye da miliyan 1 a Abuja domin kwanansu ya ƙare. Shekarar ta ƙare, waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a Nijeriya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A lokacin an lissafta cewa kashi 99 cikin 100 na allurar rigakafin da Afirka take amfani da ita daga waje ake kawowa. Kayan aro ba ya rufe katara.

ME YA HANA A GINA NAN DA NAN?

Wani zai ce, to, da aka ga wuta ta kama, me ya sa ba a fid da kuɗi an gina ma'aikata cikin wata shida ba? Dalili shi ne, allurar rigakafi ba kamar ƙwayar ciwon kai ba ce da za a auna gari a matse. Yawancinta rainonta ake yi, kamar yadda uwargida take rainon tsamin kunu ko na nono, sai dai da tsabta da awo wanda ya wuce misali.

Ga misalin ta shawara. A 1927 likitoci suka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, wanda shawara ta kama. Daga jininsa aka sami ƙwayar cutar, aka yi shekara goma ana juya ta a ɗakin bincike har ƙarfinta ya karye. A 1937 wani likita, Max Theiler, ya fito da irin da ake amfani da shi har wa yau. Cikin ƙwan kaza mai ɗa ake shuka wannan iri, ya yi yawa, a kwashe, a tace, a gwada, a zuba cikin kwalabe, a busar, a rufe. Kajin ma sai waɗanda aka tabbata ba su da wata cuta. Ƙura ɗaya ta faɗa ciki, an yi hasarar tukunyar duka.

Saboda haka ma'aikatar tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, da ruwa mai tsabta ƙwarai, da ɗakunan da ake tace iskarsu. In an gama, sai a ajiye yawancin allurai cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, tun daga ma'aikata har ƙauyen da za a yi wa yaro. Tana bukatar hukuma mai ido, wadda za ta gwada kowace tukunya kafin a sake ta. Abin da ya fi duka wuyar samu shi ne mutane. Gini da injuna kuɗi yana saye. Hannun gwani kuwa sai an shekara ana yi, ana kuskure, ana gyarawa, a gaban wanda ya riga ka iyawa.

WAƊANDA SUKA GWADA

Duk da haka an yi ƙoƙari a tsakiyar annobar. A Afirka ta Kudu kamfanin Aspen ya riƙa ɗura allurar Johnson & Johnson cikin kwalabe a 2021. A 2022 ya sami izinin sayar da ita da sunan kansa domin Afirka. Kun san abin da ya faru? Aka yi watanni ba wanda ya aiko da odar ko kwalba ɗaya. Kyauta ta riga ta cika ko'ina, tsoron cutar kuma ya ragu. A birnin Cape Town Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wurin koyar da sabuwar dabarar da ake kira mRNA a 2021, a Fabrairu 2022 kuma aka zaɓi ƙasashe shida na Afirka da za su koya: Masar, Kenya, Nijeriya, Senegal, Afirka ta Kudu da Tunisiya. A Kigali ta Ruwanda kamfanin BioNTech na Jamus ya yi bikin buɗe wurinsa a Disamba 2023. Amma tun a Mayu 2023 an riga an shaida cewa dokar-ta-ɓacin Korona ta ƙare. An fafe gora bayan ayari ya wuce.

Yanzu ku dubi waɗanda suka tsaya da ƙafarsu. Ma'aikatar nan ta Pune, a 1966 aka kafa ta, ƙarama, a gonar kiwon dawaki. Ta yi shekara hamsin da 'yan kai tana yin allurai, daga baya har da ta ƙyanda da sauran na jarirai, kullum, ba fashi. Mutanen Arewa da na Nijar sun ci moriyarta. Kun tuna da sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum wajen 25,000 a ƙasashenmu na bakin hamada? Ma'aikatar Pune ce ta yi sabuwar allurar sanƙarau a kan ƙasa da rabin dala, aka soma yinta a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, Nijeriya ta bi a 2011. Da Korona ta zo, tukwanenta suna kan wuta, ma'aikatanta suna bakin aiki, sai kawai ta sauya abin da take dafawa.

Haka Institut Pasteur ta Dakar a Senegal. Tun shekarun 1930 take yin allurar shawara, ba ta daina ba, tana kuwa cikin 'yan ƙalilan a duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da tasu. Ba ma sai mun je nesa ba. Ga Vom nan kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924 domin yaƙi da bushiya, wadda take ƙare garken shanu. An shaida ƙarewar bushiya a duniya a 2011. Vom tana nan tana yin allurar ciwon huhu na shanu, da ta harbin daji, da ta kaji. Ashe saniyar Bafillatani tana samun allurar gida, ɗan mai saniyar kuwa sai an jira jirgin sama.

To, ga abin da na gani cikin wannan duka. Ma'aikatar da za ta cece mu ranar annoba, ita ce wadda take aiki ranar lafiya. Abincinta na yau da kullum shi ne allurar jarirai: ƙyanda, shan inna, shawara, sanƙarau, mashaƙo. In ba mai saye a kwanakin lafiya, za ta mutu kamar Yaba.

INA RABONMU?

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Afrilu 2021 cewa kafin 2040 nahiyar za ta riƙa yin kashi 60 cikin 100 na allurar da take bukata. A Maris 2022 hukumarmu ta NAFDAC ta kai mataki na uku cikin huɗu a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wajen lura da magunguna da allurar da ake shigowa da su. A Yuni 2024 ƙungiyar Gavi ta buɗe asusu na wajen dala biliyan 1 domin tallafa wa masu yin allura a Afirka. Waɗannan abubuwa ne masu kyau. Amma akwai magana mai ɗaci wadda ya kamata mu haɗiye tun yanzu. Allurar gida za ta fi ta Indiya tsada da fari, gama mai dafa tukunya ƙarama ba ya yin araha kamar mai babbar tukunya. Gwamnatin da ta ce sai mai araha kaɗai za ta saya, ita ce za ta sake shiga layi. Manomi ba ya rushe rumbu domin bana hatsi ya yi araha a kasuwa.

Mu talakawa fa? Abu uku nake roƙo.

Na ɗaya, uwargida, ki nemo katin rigakafin yaranki yau, ki duba ko akwai wadda aka tsallake. Maigida, ka ba da kuɗin mota, in ta kama ka ɗauki yaron da kanka. Yaro ya tsira, ma'aikatan lafiya kuma su san yawan abin da ƙasa take bukata a shekara. Ba mai kafa ma'aikata domin kayan da mutane suke gudu.

Na biyu, ranar da kwalba ta fito da sunan ƙasarmu a jiki, kada mu raina ta. Muna da halin nan na cewa na waje ya fi. Abin tambaya shi ne ko hukuma ta gwada ta tabbatar. Ta Yaba ce aka yi wa iyayenmu da yawa, ga su nan sun ga jikoki.

Na uku, in masu neman ƙuri'a suka zo, ban da zancen taki da hanya, ku tambaye su maganar nan. Yaron da kuka ga yana son lissafi da kimiyya kuwa, mace ko namiji, kada ku cire shi daga makaranta domin talla ko kiwo. Gwanayen da za su tsaya gaban tukwanen nan a 2040, yau suna aji biyar.

Washegari na kira yaron nan, na ba shi labarin Yaba da Vom da Dakar. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, wane karatu ake yi kafin a shiga wurin?" Na ce ya fara da gyara lissafinsa na raba dogo, gama a nan yake tuntuɓe. Ya yi dariya ya tafi. Wannan mako ya ci takwas cikin goma.