Sharhi: Aikin gida da ziyarar gani da ido, nauyin da ke kan yaran zango a Sokode da Dapaong

Duk wanda ya ratsa zangon Sokode bayan sallar magariba ya san wannan yanayi: yaro ya dawo daga makarantar allo, ya jingine allonsa, ya zaro littafin lakwal daga jaka ya nufi inda fitila ta fi haske. Malami ya ba shi jimloli biyar na Faransanci da lissafi uku, gobe da safe za a duba. Uwarsa tana jin Hausa da Kotokoli, ubansa yana karanta Alƙur'ani da ajami, amma babu mai iya gaya masa ko ya rubuta daidai. Wannan aikin gida, wanda yara ke kira devoir, ƙaramin abu ne a idon manya, sai dai a nan ne tazara ke fara buɗewa tsakanin yaran da suka zauna benci ɗaya.

Ƙofar lakwal ta buɗe, amma me ake samu a ciki?

Babu mai musun cewa Togo ta yi ƙoƙari wajen kai yara makaranta. A shekarar 2008 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. A 2017 aka kawo shirin School Assur na inshorar lafiyar ɗalibai, a 2020 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar ciyar da yara a makarantu. Yara sun ƙaru, azuzuwa da dama sun cika maƙil, a wasu ƙauyuka har iyaye ne ke haɗa kuɗi su biya malaman sa-kai.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da yaro ke fita da shi bayan shekaru 6, daga ajin CP1 zuwa CM2 inda ake zana jarrabawar CEPD. Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashen Afirka 14 masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa fiye da rabin yaran Togo da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake so a karatu ba. Yaron da bai gane darasi a gaban malami ba, da wuya ya gane shi shi kaɗai a tsakar gida.

Ga yaron zango kuwa, nauyin ninki ne. Gyaran tsarin ilimi na 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa da za a shigar makarantu, Faransanci kuma ya ci gaba da zama harshen koyarwa. Hausa ba ta ciki, Kotokoli ba ta ciki, haka ma Moba da Gurmanci da ake ji a Dapaong. Yaro yana Hausa a gida, yana wasa da harshen gari a titi, yana haddar Larabci a makarantar allo, sannan ranar da ya shiga CP1 a fara yi masa magana da harshe na huɗu.

Abin da aikin gida ke ɗauka cewa kowa na da shi

Malamin da ya ba da aikin gida ya ɗauka akwai abubuwa uku a gidan: haske, lokaci, da wani babba mai jin Faransanci. A cikin gari ana samun lantarki, ko da yake tana ɗaukewa, shirin CIZO da aka fara a 2017 kuma ya kai fitilun hasken rana ƙauyuka da yawa. Lokaci ya fi wuya. Yaro na da karatun allo da asuba ko da yamma, yarinya na da ɗiban ruwa, wanke-wanke, wani lokaci da talla. Na uku shi ne ya fi raba yara. Ɗan ma'aikaci yana da mai duba masa, ko a ɗauko masa malamin répétition a biya shi duk wata. Ɗan mahauci ko ɗan mai sayar da goro sai ya kwafa wurin aboki da safe a bakin aji, ko ya je hannu rabbana ya sha faɗa.

Daga nan sai a fara cewa yaron ba shi da ƙoƙari. Ya maimaita aji sau ɗaya, sau biyu, uba ya duba ya ce boko bai karɓe shi ba, gara ya bi shi kasuwa ko tasha. Yarinya kuma sai a fara maganar aure. Haka zango ke rasa 'ya'yan da gobe za su zama malamai, malaman asibiti da ma'aikatan gundumar da za su yi magana da yawunsa.

Abin mamaki, Faransa, wadda aka gaji tsarin daga gare ta, ta hana ba da rubutaccen aikin gida a firamare tun 1956, ko da yake malamanta da yawa ba su daina ba. A 2017 ta ƙirƙiro shirin Devoirs faits, inda ɗaliban ƙaramar sakandare ke yin aikinsu a cikin makaranta, wani babba na taimaka musu. Dalilin ɗaya ne da namu: gidaje ba daidai suke ba.

Ziyarar gani da ido ta zama ta masu hali

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Fita da yara su ga abin da ake koya musu ita ce hanyar da ba ta tambayar wane harshe ake yi a gidansu. Yankin Sokode kuwa ba ya rasa wuraren zuwa: ga gandun dajin Fazao-Malfakassa, ga tsagin dutsen Alejo a kan hanyar Kara, ga Kutammaku can gaba, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004. Matsalar ita ce kuɗin mota da guzuri daga aljihun iyaye suke fitowa. Mai 'ya'ya huɗu a lakwal ba zai iya ba. Ranar tafiya sai mota ta ɗauki rabin aji, sauran su tsaya suna kallo.

A Dapaong, mai nisan fiye da kilomita 600 daga Lome, akwai abin da ya fi kuɗi tsanani. A watan Nuwamba 2021 'yan bindiga suka kai hari a Sanloaga cikin gundumar Kpendjal, a watan Mayu 2022 suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi. A watan Yuni 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, kuma an yi ta tsawaita ta. An rufe makarantu a wasu ƙauyukan bakin iyaka, dubban mutane sun bar gidajensu, ga kuma 'yan gudun hijira daga Burkina Faso. Kogunan dutse na Nok, inda mutanen da suka gina rumbuna a jikin tsauni don ɓuya daga mahara, da zane-zanen dutse na Namudjoga, duk suna cikin wannan jiha. Amma wane shugaban makaranta ne zai cika mota da yara ya nufi daji a irin wannan hali, kuma wane uba ne zai yarda? Yaron da ya yi gudun hijira ya sauka gidan dangi, ɗaki ɗaya da mutum goma, shi ma ana ba shi aikin gida kamar kowa.

Abin da ke hannun zango

Ba dole sai da mota ake ziyarar gani da ido ba. Unguwar Didawure a Sokode ta girma ne a kan hanyar fataken da ke tasowa daga Kano su ratsa Borgu da ƙasar Kotokoli zuwa Salaga sayen goron Gwanja. Sunan Sansanne-Mango, a kudu da Dapaong, daga kalmar Hausa sansani ya fito. Ajin CM1 da ya taka da ƙafa zuwa wurin wani dattijo ya ji wannan labari, ya dawo ya rubuta shi da Faransanci, ya yi darasin tarihi da na taswira da na rubutu a yini ɗaya ba tare da kashe ko dala ba. Kasuwa wurin koyon lissafi ce: mudu nawa ke cikin buhu, ribar nawa ke cikin ƙwaryar goro. Masaƙan Sokode, bikin Gadao-Adossa da hawan dawakinsa, da dashen itace na ranar 1 ga Yuni da Togo ke yi tun 1977, duk darussa ne. A irin wannan fita, yaron zango da ya saba yin shiru a aji shi ne zai zama tafinta.

Batun aikin gida ma yana da mafita. Na farko, malamai su rage rubutaccen aiki a CP1 da CP2, su bar yaro da abin da zai iya shi kaɗai, kamar karanta layi biyu da ƙarfi ko ƙirga kayan gida. Na biyu, iyaye su shiga ƙungiyar iyayen yara ta APE da kwamitin kula da makaranta na COGEP, domin a can ake yanke shawarar kuɗin fita da tsarin mako na al'adu, kuma wanda bai halarta ba da shi za a yanke. Rashin jin Faransanci ba hujja ba ce, a tafi da mai fassara. Na uku, sarakunan zango da limamai su ware zaure ɗaya mai fitila a kowace unguwa, inda 'yan sakandare za su zauna da ƙannensu awa ɗaya bayan isha'i. Na huɗu, malamin allo da malamin lakwal su zauna su raba lokacin yaro, tunda yaro ɗaya suke reno.

Wannan magana ta wuce Togo. Zangon Kumasi, na Jugu a Benin da na Wagadugu duk suna da yaran da ke karatu da harshen da ba a yi a gidajensu. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, kuma ya kamata a ci gaba da matsa mata. Fitila, tabarma da awa ɗaya ta dare kuwa, waɗannan ba su fi ƙarfin unguwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya faɗi CEPD yana ɗan shekara 12 ba kasafai yake samun dama ta biyu ba.