Jirgin da aka ƙera a Kaduna, da gonakin Kelle

Manomin gero a Kelle, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, ya san amfanin ƙaramin jirgin sama. Idan fari ko tsuntsayen jan-baki suka sauka a gona, kamar yadda farin dango suka yi wa Nijar a 2004, feshi ta sama ne ke iya cim musu. Jiragen da ke irin wannan aiki a Sahel daga ƙetare ake kawo su.

Alhali an taɓa ƙera ƙaramin jirgi a maƙwabta. Kamfanin AIEP na Kaduna ya fito da Air Beetle, mai kujera biyu, bisa samfurin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka. Ya fara tashi a 1989, kuma rundunar sojin saman Najeriya ta yi odar guda 60 don koyar da tuƙi, a madadin Bulldog na Birtaniya. Daga nan ciniki ya tsaya. Mai saye ɗaya ne, shi ma da jiragen suka tsufa sai ya juya baya: a 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar sayen Super Mushshak guda 10 daga Pakistan.

Masu cewa ai haɗa kayan wasu kawai aka yi a Kaduna, su dubi Mushshak ɗin. Asalinsa jirgin Saab ne na Suwidin. Pakistan ta fara da haɗa sassansa, gwamnati ta yi ta saye shekara da shekaru, har masana'antar Kamra ta ƙware ta shiga sayar wa duniya. Brazil ma haka ta reni kamfanin Embraer tun 1969, kuma cikin jiragensa na farko akwai Ipanema na feshin gona, wanda har yau ake ƙerawa.

Wannan haƙuri ne Kaduna ta rasa, abin kuma da ciwo. Air Beetle ba jirgin feshi ba ne, amma hannun da ya haɗa shi zai iya koyon na feshi da an ba shi aiki. Ƙwari ba su san iyaka tsakanin Gure da Yobe ba. Ya kamata ma'aikatun noma na Nijar da Najeriya su haɗa odar jiragen feshi da na sa ido a kan makiyaya, su sharɗanta a haɗa su a kuma gyara su a yankin.