Allurar Ciwon Hanta Da Baƙin Cikin Da Ke Biyo Ta

Jama'a, akwai maganar da ta kamata a yi ta a fili cikin rumfunan kasuwa, domin ba kullum likita ke samun sukunin yi wa talaka bayani ba. Maganar kuwa ta wata allura ce da ake kira interferon, wadda ake yi wa masu ciwon hanta mai daɗewa, watau irin na B ko na C.

Shekaru da yawa ita ce makamin likita. Daga 2001 aka samu irin wadda ake yi sau ɗaya a mako, mai ciwon C kuma ya haɗa da ƙwayoyin ribavirin, har mako 24 ko 48. Ta warkar da wasu, ba mu musa ba. Amma tana da cizo. Da fari zazzaɓi ne da ciwon jiki da kasala. Sa'an nan, galibi cikin wata uku na farko, sai ka ga mutum ya sake: barci ya gudu, abinci ba ya shiga, ya bar fita rumfa, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. Masu bincike da suka tara lissafin majinyata a 2012 sun iske wajen mutum 1 cikin 4 yana faɗawa ciwon baƙin ciki mai tsanani.

To, a nan ne mutanenmu ke ɓata hanya. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iskoki, wani ma ya ce rashin haƙuri ne kawai. Alhali kuwa maganin ne da kansa yake taɓa ƙwaƙwalwa.

Kuma ba kowa yake kamawa daidai ba. Wanda ya taɓa yin ciwon baƙin ciki ko wata lalurar ƙwaƙwalwa a da, shi ne a gaba. Haka wanda zuciyarsa ta riga ta yi nauyi, ko barcinsa ya lalace, tun ba a soma allura ba. Mata sun fi maza kamuwa. Sai wanda bai yi nisa a karatu ba, da wanda ba shi da mai tsaya masa. Waɗannan biyun su suka fi damunmu, gama ai mu ke nan. Ku dubi ɗan tireda da ya baro ƙauye, yana kwana shi kaɗai a shago, yana cire kuɗin allura daga jarinsa. Wa zai lura ya sake?

Duk wanda ya ga kansa cikin waɗannan, ya faɗa wa likita tun kafin allurar farko, kada kunya ta hana shi. Akwai ƙwayoyin da ake bayarwa su rage abin, har a kan soma su tun da wuri. Kada ya yanke allura da kansa. In kuwa ya soma cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Ga mai ciwon C, wannan wahala ta zama ta banza. A 2013 aka fito da sofosbuvir a Amurka, magani na mako 12 a kan dala 84,000. Masar ta ƙi wannan tsada, ta yi ciniki, kamfanoninta suka yi nasu da araha, a 2018 kuma ta auna miliyoyin mutanenta kyauta. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba manya masu ciwon C ƙwayoyin sha irin waɗannan, waɗanda ke warkar da fiye da 9 cikin 10. Mai ciwon B ne har yanzu a kan yi wa wasunsu interferon mako 48, ko da yake tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, ita aka fi bayarwa.

Saboda haka muna tambayar masu riƙe da ma'aikatun lafiya: abin da Masar ta yi wa talakanta, me ya hana a yi wa namu? Ku kuma 'yan'uwa, in an ce za a yi muku allura, ku tambayi likita ko ciwon B ne ko C, kuma don me ba ƙwaya ba.