Shanyewar ɓarin jiki: MRI na ba da dama, amma hanyar Isa na cinye lokaci

Idan mutum ya wayi gari a Kamarawa baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, abin da likita zai fara tambaya shi ne yaushe ciwon ya fara. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi, kuma wanda abin ya sama cikin barci ba shi da amsa.

A 2018, binciken WAKE-UP a Turai ya nuna mafita: a ɗauki hoton MRI iri biyu. DWI na nuna ɓarnar cikin mintuna, FLAIR kuwa sai bayan sa'o'i. Idan ta fito a na farko kaɗai, ciwon sabo ne, ana iya yin allurar.

Sai dai majinyacin Isa ko Sabon Birni sai an kai shi Sakkwato, ga 'yan bindiga sun sa direbobi gudun tafiyar dare. Kafin a isa, damar ta wuce.

Don haka maganar na'ura ba ta rabuwa da tsaron hanya, da motar ɗaukar marasa lafiya, da awon hawan jini a asibitin ƙauye.