KASUWAR TSOFAFFIN BABURA A INGILA: INA DARAJA TA KOMA?

Kowace shekara cikin watan Satumba a kan ci wata irin kasuwa a wani ƙauye na kudancin Ingila, wanda a ke rubuta sunansa Beaulieu, amma mutanen wurin Byuli su ke faɗi. Tun 1967 aka fara ta a filin gidan ajiye tsofaffin motoci na Lord Montagu. Ba a kasa kome a cikinta sai tarkacen tsofaffin motoci da babura: tanki mai tsatsa, da fitila, da sarƙa, da kan inji, da littattafan gyara waɗanda baƙin mai ya ɓata. Akwai irinta a Stafford sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Oktoba, akwai a filin sukuwa na Kempton Park kusa da London, haka kuma a Mannheim ta Jamus da Davenport ta Amurka. Wanda ya taɓa ratsa Panteka a Kaduna ya san kamannin abin, sai dai can yawancin masu kasa kaya ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kurum.

Asalin abin kuwa bukata ce. Cikin shekarun 1950 babu kamfanin da ya kai BSA na Birmingham ƙera babura a duniya, har irinsu ne waɗansu ma'aikatan En'e suka riƙa hawa zuwa rangadi a ƙasar nan. To, da Honda na Japan ya fito da CB750 a 1969, mai inji huɗu da maɓallin tashi, sai kasuwar Ingila ta soma mutuwa. BSA ya durƙushe a 1973, masana'antar Triumph ta Meriden kuma aka rufe ta a 1983. Mutumin da ya ƙi rabuwa da baburinsa ba shi da inda za shi nemi kayan gyara sai wurin ɗan'uwansa mai irin wannan ciwo. Kowa ya kwaso abin da ya kwanta masa a gida, ya zo fili, a yi ba ni gishiri in ba ka manda.

Abin da ya sa mu ke maganar yau shi ne, kuɗin waɗannan kaya ya rabu biyu, kowane ya kama hanyarsa. Babura ƙalilan waɗanda ba su da na biyu sun bar fili sun koma ɗakin gwanjo, inda attajirai ke tayawa. A 2018 an sayar da wani Vincent Black Lightning na 1951 a Las Vegas a kan dala 929,000. A 2023 wani Harley-Davidson na 1908 ya kai dala 935,000, sa'an nan a 2025 wani Cyclone na 1915 ya wuce dala miliyan ɗaya. Jaridu su kan buga irin waɗannan labarai da manyan baƙaƙe, mai karatu kuwa sai ya zaci duk tsohon babur ya zama zinariya.

Ba haka ba ne. Talakawan babura, watau BSA da Triumph da Norton da Matchless waɗanda aka ƙera dubbai bisa dubbai, kuɗinsu sauka ya ke yi cikin 'yan shekarun nan, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mutum ba ƙarfe ya ke saye ba, ƙuruciyarsa ya ke nema. Saurayin da ya yi sha'awar Triumph Bonneville sa'ad da ya fito a 1959, alhali ba shi da ko sisi, shi ne ya saye shi da tsada bayan da ya yi furfura ya sami abin hannu. Yau ya haura tamanin. Ƙafarsa ba ta iya buga inji ya tashi, 'ya'yansa kuwa ba su san bambancin wannan da wancan ba. In ya rasu sai magada su fito da babura biyar ko shida rana ɗaya, suna tsammanin dukiya, su tarar masu saye sun ƙaranta. Mun ga wannan shi ne wuri mafi ciwo cikin al'amarin, gama da yawa sun zuba kuɗin fanshonsu a nan suna zaton ajiya ce.

Sha'awa ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Masu shekara sittin na yanzu da baburan Japan suka tashi, saboda haka Kawasaki Z1 na 1972 da Yamaha RD350LC na 1980 su ne a ke rububi. Har wani ɗan ƙaramin Yamaha FS1-E, wanda aka yi domin dokar Ingila ta hana 'yan shekara 16 hawan abin da ya fi shi ƙarfi, yau fam dubbai a ke ba da shi. Gwamnati ma ta taimaka, domin abin hawan da ya shekara 40 a kan yafe masa harajin hanya, tun 2018 kuma an ɗauke masa gwajin lafiya na shekara shekara. A ganinmu su ma waɗannan ranarsu na zuwa, in masu son su sun tsufa.

Sa'an nan ga intanet. Tun da aka kafa eBay a 1995, wanda ke da wani yanki mai wuyar samu ba ya bukatar ya kwana cikin sanyi a fili, sai ya ɗauki hotonsa duniya ta taya. Annobar korona ta 2020, da ta rufe filayen, ta ƙara koya wa mutane ciniki daga ɗaki. Ga kuma sababbin kayan kwaikwayo da a ke ƙerawa a Indiya, masu araha, ko da ya ke ba kullum su ke zama daidai ba.

To, me ya rage da zai sa mutum ya yi sammako ya biya kuɗin ƙofa? Mu dai abu guda mu ke gani, shi ne sani. Tsofaffin baburan Ingila ba da awon da a ke aiki da shi yanzu aka ɗaure su ba, noti da kusoshinsu na awon Whitworth ne da 'yan'uwansa, har sifana ta zamani ba ta kama su daidai. Kamfanonin kuma sun riƙa sake fasalin kaya daga shekara zuwa shekara, yadda abu biyu za su yi kama a hoto amma ɗaya ya ƙi shiga. A fili mai saye ya kan zo da tsohon yankin a aljihu, ya gwada, ya juya, tsohon da ke zaune bayan tebur kuwa ya dube shi sau ɗaya ya gaya masa shekarar da aka yi shi, da abin da zai karye bayansa. Wannan bayani kyauta a ke ba da shi, mafi yawansa kuma ba a rubuce ya ke ba.

Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Ingila, wadda aka kafa a 1946, ta daɗe tana neman jawo samari. Faɗuwar kuɗin nan na iya yi mata aikin da wa'azi bai yi ba, domin babur da ya gagari malamin makaranta ko akawu shekaru goma da suka wuce, yanzu ya soma zuwa inda albashinsa zai kai. Sai dai in zai saya, ya hanzarta zuwa Stafford tun masu nuna masa yadda a ke saita wutar injin suna iya fitowa kasuwa.