Cutar hapis da juna biyu: Giɓin da inshora ba ta cikewa

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta fara aiki. Amma akwai cutar da gwajin awo na yau da kullum bai cika tono ta ba: hapis, mai fitar da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko al'aura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 520, 'yan shekara 15 zuwa 49, na ɗauke da nau'in da ya fi kama al'aura, akasarinsu ba da saninsu ba.

Hatsarin ya fi tsanani idan mace ta kamu karon farko a watanni ukun ƙarshe, kafin jikinta ya samar da garkuwar da zai miƙa wa jariri. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa na iya samun lahanin ƙwaƙwalwa, ko ya rasu.

Likitoci kan ba da Aciclovir daga mako na 36, su yi tiyata idan ƙurajen sun fito lokacin naƙuda. Sai dai ba sa maganin abin da aka ɓoye musu. Don haka nauyin na wuyan miji ma: ya faɗi gaskiyar tarihinsa, tun ciki yana ƙarami.